Tulun Sarkin Girkawa

Alhaji Nababa Yamusa ya shekara talatin da huɗu yana aikin gwamnati ba a taɓa rubuta masa takardar tuhuma ba. Saura masa 'yan watanni ya yi ritaya tulun nan ya iso Abuja.

A lokacin farar hula sun dawo kan mulki, man fetur yana tsada a kasuwar duniya, Abuja sai kumbura take yi kamar ƙullin wainar da ya kwana. Ko'ina ka duba katafila ce da tifa, kowace ma'aikata kuma tana neman bikin da za ta gayyato baƙi daga ƙasashen waje a ɗauki hoto. Hukumar da Alhaji Nababa yake shugabanta ƙarama ce, aikinta shirya baje-kolin kayan al'adu. Shekara biyu ya yi yana aika wasiƙu kafin wani gidan tarihi a ƙasar Girka ya yarda ya ba su aron kaya goma sha biyu. Sha ɗaya daga ciki kwaikwayo ne na zamani. Ɗaya ne tak na asali: tulun jar ƙasa mai hannu biyu, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, an ce ya haura shekara dubu biyu da ɗari biyar a duniya. A jikinsa akwai zanen wani sarki na tatsuniyoyin Girkawa, shi da iyalinsa.

Ranar Juma'a kayan suka sauka, tare da wata Bagirkiya mai furfura, Dakta Fotini, wadda aka turo ta kula da su. Sale, direban hukumar, shi ya ɗauko akwatunan daga filin jirgi ya kai su sito. Dakta Fotini ta ce kada kowa ya taɓa sai kayan sun kwana biyu sun saba da iskar garin. Aka kulle sito, kowa ya tafi hutun ƙarshen mako.

Ran Litinin da hantsi aka taru. Dakta Fotini ta sa safar hannu, ta kwance kusoshin akwatin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga murfin, ta janye soson da aka lulluɓe tulun da shi. Sai ta tsaya cak. Ta faɗi wata kalma da harshensu, ta dafe tebur. Alhaji Nababa ya leƙa. Wuyan tulun ya rabu da jikinsa, hannu ɗaya ya cire, cikin kuma ya dare gida shida.

Kafin azahar yana tsaye a ofishin minista. Babban sakataren ma'aikata yana nan, da wani mutum daga ofishin jakadancin Girka. Ba wanda ya ce masa ya zauna. Minista ya yi ta faɗa: ran Alhamis za a buɗe biki, an riga an raba katin gayyata, yanzu wane ido za su ɗaga su kalli baƙi? Ya ce an kunyata ƙasa, kuma a ƙarƙashin Nababa aka kunyata ta.

Alhaji Nababa ba shi da gida a Maitama, ba shi da gona a Keffi. Sunansa ne dukiyarsa, ga shi ana taka shi a gaban baƙo. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi tallahi, duk wanda ya yi wannan ɓarna, ko ɗan cikina ne, da hannuna zan miƙa shi ga hukuma."

Ba wanda ya nemi ya rantse. Shi da kansa ya maimaita da Turanci don baƙon ya ji.

Da ya koma ofis, mataimakinsa Malam Maliki ya tare shi a bakin ƙofa ya ce an samu bakin zaren. Sale ya amsa cewa a hanyar filin jirgi shanu sun tsallako titi, ya taka birki da ƙarfi har ya ji akwatunan sun motsa. 'Yan sanda sun riga sun tafi da shi.

Alhaji ya ji ba daɗi. Shekara goma sha ɗaya Sale yana tuƙa shi, kullum tun asuba yake fitowa daga Tungan Maje, can bayan gari, kuma shi ya ja motar da ta kai gawar mahaifiyar Alhaji zuwa Zariya. Amma a ƙasan rashin jin daɗin akwai wani ɗan sauƙi. Tsautsayi ne, an san mai shi, magana za ta mutu.

Bayan la'asar ya isa gidansa a unguwar Gudu. Ya cire hula ke nan, sai 'yarsa Kauthar ta shigo falon ta durƙusa nesa da shi. Ita ce ta biyu a 'ya'yansa, kuma ita kaɗai ta gado shi: ilimin kayan tarihi ta karanta, a hukumarsa take aiki, ita ke rajistar duk abin da ya shiga sito, don haka akwai mabuɗi ɗaya a hannunta. Saura mako bakwai a ɗaura mata aure.

Ta ce, "Abba, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na fasa shi."

Ya dube ta kamar da wani yare ta yi magana. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba.

"Ran Asabar, da kuka tafi ɗaurin aure Kaduna, na je ofis. So nake in gan shi ni kaɗai kafin a sa shi cikin gilashi. Shekara huɗu ina kallon irinsa a littafi, Abba. Na ce minti biyar kawai. Na san ba a ɗaga shi ta hannu, wallahi na sani, amma da ya zame sai na cafko hannun. Ashe tsohon gyara ne, manna shi aka yi. Hannun ya rage a hannuna, tulun ya tafi ƙasa."

"Sai kika mayar da shi kika rufe."

"Tsoro ya kama ni. Na ce ran Litinin zan faɗa. Da safe na kasa. Sai na ga an fito da Malam Sale da ankwa." Ta fashe da kuka. "Ka kai ni wajensu yanzu, Abba, don Allah."

Hajiya Maijidda, uwarta, ashe tana bayan labule. Ta shigo ta tura ƙofar falon ta murɗa mabuɗi ta zare.

"Ba inda za ki," ta ce. Ta juyo wajen mijinta. "Alhaji, ba inda za ta."

"Maijidda, na rantse. A gaban minista na rantse."

"Rantsuwa tana da kaffara. Ka ciyar da mutum goma, ko ka yi azumi uku, ni ma in taya ka. Ɗiya fa? Ɗiya tana da kaffara? Yarinyar da aka riga aka kawo lefenta za ka kai caji ofis, gobe a buga ta a jarida? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Sale fa?"

"Sale birki ya taka, ba sata ya yi ba. Wa aka taɓa ɗaurewa don ya taka birki? Kwana ɗaya, biyu, za su sake shi."

Ya san maganar ba ta da tushe, amma ya rungume ta, don ba shi da wata. Ya ce wa Kauthar ta ba shi kwana biyu, zai nemo hanyar da Sale zai fito ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Ta ce Abba, ya ce umarni yake ba ta. Ya karɓi mabuɗin motarta da na sito ya zuba a aljihu.

Ran Talata da safe ya sami Dakta Fotini a sito ita kaɗai. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur ta jera gutsattsarin tulun, tana duba kowanne da gilashin ƙara girma. Sai a lokacin ya ga zanen sosai. Baƙin fenti ne a kan jar ƙasa. Ga wani mai gemu yana saukowa daga jirgin ruwa da sandar sarauta a hannu. Ga wani saurayi ya sheƙo wajensa hannu a buɗe. A wani gutsuren kuma ga mace ta ɗora hannu biyu a ka, 'yan mata biyu sun riƙe mata riga.

Ya tambaye ta da Turanci su wane ne waɗannan. Ba don yana son sani ba, sai don bai san ta inda zai fara abin da ya kawo shi ba.

Ta ce, "Sarkin wani tsibiri ne, da matarsa da 'ya'yansa. Ya shekara goma a wajen yaƙi. A hanyar dawowa guguwa ta taso, jiragensa suna nutsewa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya yi wa abin bautarsu na teku alwashi: in ya kai shi gida da rai, mai rai na farko da ya taryo shi a bakin gaɓa zai yanka masa. A ransa yana tunanin kare, ko akuya, ko wani masunci da bai san sunansa ba. Ɗansa kuwa kullum a kan dutse yake wuni yana duban teku. Shi ya fara hango jirgin."

Alhaji Nababa ya ce, "Ya yanka shi?"

"Masu ba da labarin sun rabu. Wasu sun ce ya cika alwashi, annoba ta sauko saboda jinin, mutanen gari suka kore shi. Wasu sun ce ya kasa, annoba ta sauko saboda ƙaryar, mutanen gari suka kore shi." Ta ɗaga kafaɗa. "Ban taɓa jin wanda ya ce ya zauna lafiya a gidansa ba."

Ta ajiye gilashin ta dube shi. Ta ce akwai abin da ya kamata ya sani: ba a hanya tulun ya fashe ba. An buɗe akwatin. An ɗaga tambarin da ta manna an mayar, kuma akwai ƙurar jar ƙasa a ƙarƙashin tebur. Jiya da yamma ta gaya wa 'yan sanda haka.

"Sai suka ce ashe direban sata ya zo yi. Na ce musu ba na jin shi ne. Wanda ya mayar da gutsattsarin nan ya naɗe kowanne daban, ya jera su yadda baki ba zai gogi baki ba. Direba ba ya yin haka. Wanda ya yi wannan an koya masa aikinmu. Ba su saurare ni ba."

Alhaji ya dafa kujera ya zauna. Shi da bai taɓa roƙon kowa alfarma a ofis ba, ya shiga roƙon baƙuwar da ya sani kwana huɗu. Ya ce ta rubuta cewa a hanya ne, hanyoyinmu ba su da kyau, kowa zai yarda. A ce tsautsayi, a saki direba, kowa ya huta. Ya ce mata yana da furfura kamar yadda take da ita, don Allah ta dube shi.

Ta kalle shi ta ce a hankali, "Tulun zai gyaru, ko da tabo. Amma ba zan sa hannu a kan abin da na san ba haka ba ne. In kana da abin faɗa, ka faɗa musu da wuri. Na ga yadda suka jefa mutumin nan a mota."

Daga nan caji ofis ya wuce. Babban jami'in wurin ya karɓe shi da girmamawa, har ya sa a kawo masa lemo, amma ya ce maganar beli ba ta taso ba. Yanzu batun yunƙurin satar kayan wata ƙasa ne, daga sama ake bugo waya kowace awa. "Ai kai ma, yallaɓai, an ce ka rantse sai an hukunta mai laifi. Muna taya ka aiki ne. Ya kusa magana."

Ya roƙa a nuna masa Sale. Aka fito da shi ba riga. Gefen fuskarsa na hagu ya kumbura har idon ya rufe, busasshen jini ya bi ta kunnensa ya sauko wuya. Da ya ga Alhaji sai ya yi ƙoƙarin rusunawa, yadda ya saba kowace safiya.

"Oga, ka san ni," ya ce, da irin Hausarsa ta mutanen yankin Tungan Maje. "Shekara goma sha ɗaya. Ko biro na ofis ban taɓa ɗauka ba. Ka gaya musu, oga. Maganarka za su ji shi."

Kalma huɗu kawai ake bukata, "'yata ce ta fasa," kuma suna kan harshen Alhaji. Ya buɗe baki. Sai a zuciyarsa ya ga Kauthar a wannan wurin, a bayan wannan kanta, a hannun waɗannan mutane.

"Na sani, Sale," ya ce. "Ka yi haƙuri zuwa gobe. Ina ƙoƙari."

A waje matar Sale, Halimat, tana zaune a gindin katanga da kular abinci da aka hana ta shiga da ita. Ta gane shi, ta taso ta zube a gabansa ta riƙe bakin babbar rigarsa. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai take yi, "Baba, kai ne ubanmu a garin nan, ba mu da kowa." Ya janye rigarsa a hankali ya shiga mota. Sai da ya kai shataletale na biyu ya lura ba hanyar gida ya kama ba, ba kuma ta ofis ba. Ya faka a gefen wani gini da ba a gama ba, leburori suna ta hawa da kwanon siminti a ka, ya kifa goshinsa a kan sitiyari.

Ya yi tunanin tura Kauthar Yola wajen gwaggonta. Ya yi tunanin wani tsohon abokin karatunsa da ya zama babba a 'yan sanda, ya buga masa waya sau uku, aka ce yana ƙasar waje. Ya yi tunanin komawa wajen minista ya durƙusa. Kowace ƙofa ya taɓa, sai ya tarar ko dai Sale ne a bayanta ko Kauthar. Da ya isa gida ya tarar ba ta ci komai ba tun jiya. Ta tambaye shi yaya ya ga Malam Sale. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta kalli bakin rigarsa, inda hannun Halimat ya bar shaidar manja.

Ran Laraba bayan ya dawo daga sallar asuba ya zauna ya rubuta takarda da hannunsa. Ya ce shi, Nababa Yamusa, shi ya buɗe akwatin ranar Asabar don son ganin ido, tulun ya suɓuce masa, tsoron kunya ya sa ya yi shiru. Ya sa hannu. Da ya karanta sai ya ji numfashinsa ya dawo. Ga hanya, ashe tana gabansa. Shekara talatin da huɗu za su tafi, to su tafi.

Ƙarfe takwas yana ofishin babban sakatare. Mutumin ya karanta takardar har ƙarshe, ya cire tabarau, ya murza ido.

"Nababa, ran Asabar a mota ɗaya muka tafi Kaduna. Kai ka zauna a dama, ka yi ta ba ni labarin ciwon gwiwarka. A can muka kwana saboda walima. Sai magaribar Lahadi direbana ya sauke ka a ƙofar gidanka."

"To Juma'a ce. Na rikita ranakun."

"Juma'a tare muka fita daga masallaci muka wuce taro har yamma." Ya tura masa takardar. "Ɗauki abinka, ban gani ba. Amma ka sani, yau za su ɗauki maigadin ofishinku su tambaye shi wa ya shiga ran Asabar. Ka ga yadda suke tambaya. Wa kake rufa wa asiri?"

Kafin ya amsa, wayarsa ta yi ƙara. Maijidda ce, kuka ya hana ta magana sosai. Ta shiga wanka, ta fito ta tarar ƙofar baya a buɗe. Mai shagon bakin layi ya ce ya ga Kauthar ta tare tasi a wajen kasuwar Gudu.

Bai san yadda ya tuƙa motar ba. Da ya shiga caji ofis ya same ta zaune a kan benci, hijabinta har ƙasa, ta riga ta cika shafi biyu da rubutunta mai kyau ta sa hannu. Idanunta a bushe suke. Ta tashi da ta gan shi.

"Abba, ka yafe min. Na saɓa maka. Na kasa kaiwa kwana biyun."

Babban jami'in ya fito daga ofishinsa da takardar a hannu, yana kallon uba yana kallon 'ya. Ya rage murya. "Yallaɓai, in rubuta cewa kai ka kawo ta? Ai haka ka yi alkawari. Zai yi maka kyau a sama, wallahi har yabo za ka samu."

Alhaji Nababa ya dubi 'yarsa.

"A'a," ya ce. "Ita ta kawo kanta. Ni ɓoye ta na yi. Tun ran Litinin na sani. Rubuta haka."

Aka fito da Sale a gabansu. An ba shi rigarsa, yana ƙoƙarin sa maɓalli da yatsun da suka kumbura. Ba wanda ya yi masa bayani, amma ya ga Kauthar, ya ga ogansa, ya ji abin da aka faɗa da kunnen da ya rage masa. Kauthar ta durƙusa a kan simintin ta ce, "Malam Sale, ka yafe min." Ya bi ta gefensu ya fita wajen matarsa.

Ran Alhamis aka buɗe biki da kaya goma sha ɗaya, aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hoto. Alhaji Nababa ba ya wurin. Kauthar ta kwana biyu a tsare kafin a sake ta, don Dakta Fotini ta rubuta a rahotonta cewa ganganci ne da tsautsayi, ba sata ba, Girkawan kuma suka ce ba sa son shari'a, kayansu kawai za su kwashe. An kori Kauthar daga aiki. Shi kuma aka ba shi takardar ritayar dole, jaridu biyu suka buga labarin da sunansa. Dangin mijin da za ta aura suka aiko cewa a ɗaga biki sai ƙura ta lafa. Maijidda ta yi mako guda ba ta yi wa kowa magana a gidan ba.

Bayan mako uku Alhaji ya tuƙa kansa zuwa Tungan Maje. Bai taɓa zuwa ba, sai da ya yi tambaya sau uku. Ya sami Sale zaune a kan tabarma a gindin mangwaro, a ƙofar wani gida mai ɗaki biyu. Kumburin ya sauka. Sale ya amsa sallama, ya matsa ya ba shi wuri, amma bai rusuna ba. Da Alhaji ya fara magana sai ya juyo masa da kunnen dama.

"Wannan ɗin ya mutu," ya ce, yana nuna na hagu. "Ko hon na tirela ba ya ji."

Alhaji ya faɗi abin da ya zo faɗa. Bai kawo uzuri ba. Ya ce ya zalunce shi, ya zo neman gafara, kuma ya yi magana da wani likitan kunne da zai duba shi.

Sale yana wasa da wani tsinke a ƙasa.

"Likita zan je, don ina da yara, tuƙi ne abincina," ya ce. "Amma oga, ina da tambaya ɗaya. A can na ji ka ce tun Litinin ka sani. Litinin da yaushe?"

"Bayan la'asar."

"Bayan la'asar." Ya gyaɗa kai. "Litinin ba su taɓa ni ba. Zama kawai na yi. Talata da safe suka fara. Wannan kunnen, bayan ka zo ka tafi ne suka ƙarasa shi. Da ka zo na ce wa waɗanda muke ciki tare, ogana ya zo, yau zan kwana gida."

Hawaye suka bi ta cikin gemun Alhaji, bai share ba.

"Yarinyar, na yafe mata," Sale ya ce. "Yaro ne, tsoro ya kama shi, kuma da ƙafarta ta zo. Ni ma ina da 'ya mace, na san abin da ka ji. Wataƙila da ni ne, haka zan yi. Amma kai, oga, ka ba ni lokaci. Ba zan ce maka na yafe a baki, zuciyana bai yarda ba. In ya sauka zan aiko."

Halimat ta fito da ruwa a kofin roba ta ajiye a gabansa, ta koma ciki ba ta gaishe shi ba. Ya sha, ya yi godiya, suka tsayar da ranar zuwa asibiti.

A hanyar dawowa ya tarar da cunkoso a Zuba, ya kusa awa biyu kafin ya fita. Da ya shiga gida Kauthar tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ajiye faifan ta tashi.

"Me ya ce, Abba?"

"Ya ce ke ya yafe miki."

Ta rufe fuska da hannu biyu. Can ta ɗago. "Kai fa?"

"Ni ya ce in jira."

Ran Laraba da sassafe ya fita ɗauko Sale. Shi ya tuƙa, Sale yana gefensa, har asibiti ba wanda ya yi magana sai sau ɗaya, da Sale ya ce masa ya rage gudu akwai rami a gaba. Likita ya ce kunnen ba zai dawo duka ba, amma za a gwada. Sau shida suka yi wannan tafiya kafin damina ta ƙare, kuma har lokacin Sale bai aiko ba.